Taƙin da Ya Ci Mini Tifa

Abin da na zuba a wannan tafiya ba shi da wuyar lissafi. Tifa biyu, wadda na fara da ita da wadda na saya daga baya, sai filina na bakin titin Kibiya da na yi niyyar gina shaguna a kai. Su na sayar, na haɗa kuɗin wuri guda, na ce zan je in sayo injin fasa dutse. Ban da su babu abin da na mallaka sai gidan da iyalina suke ciki. In injin ya iso Rano, na zama mai wurin fasa dutse na kaina. In bai iso ba, na koma inda na fara, tsaye a bakin tasha ina nema wa motocin wasu lodi.

Sana'ata yashi da tsakuwa. Duk wanda ya san Rano ya san duwatsu sun kewaye mu, amma in mai gini yana son tsakuwa mai kyau, sai na tura mota can nesa wajen manyan kamfanoni, ta bi layi, in saya da tsada, sannan ta dawo ta wuce ta gaban dutsen bayan Dawaki da yake zaune ba ya amfana wa kowa komai. Shekaru ina wucewa ina kallonsa. Sai ga Sabi'u ya turo mini bidiyo.

Sabi'u ɗan unguwarmu ne, mahaifiyarsa da tawa tare suke zuwa islamiyya. Ya tafi karatu wata ƙasa mai duwatsu a gabashin Turai, karatun ya tsaya, shi bai dawo ba, ya koma dillancin tsofaffin injuna. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, domin na haɗu da mutanen kirki a cikinta, kuma ba su suka cuce ni ba. A bidiyon ga wani ƙaton inji yana cin dutse yana zubo tsakuwa. Sabi'u ya ce an gama gyaran wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ta cikin dutse, kamfanin ya watse, wanda ya gaji kayan yana so ya rabu da injin a farashin da ko rabin na Legas bai kai ba.

A babban birninsu ya tarye ni, cikin doguwar rigar sanyi, ya rungume ni yana “Yaya Isyaku, Yaya Isyaku,” kamar ciki ɗaya muka fito. Tun a ranar na lura duk inda muka zauna cin abinci hannunsa ba ya zuwa aljihu. Ban damu ba. Dillali ne, ni ma na yi dillanci.

Washegari muka hau jirgin ƙasa. Ya yi ta hawa yana zagaye yana nishi, har gidaje suka ƙare, sai itatuwa da duwatsun da ko an ɗora namu na Rano a kan juna ba za su kai musu gwiwa ba. Can sai jirgin ya yi kuka, haske ya ɗauke. Kunnena ya toshe, waya ta daina aiki, taga ta koma baƙa ƙirin ina ganin fuskata a ciki. Na yi ta jiran mu fita, ba mu fita ba. Na karanta abin da ya zo bakina. Sabi'u yana ta dariya.

“Yaya, ai cikin dutsen muke. Wannan ramin shi ne ƙofar garin. Akwai wata siririyar hanyar mota ta sama, amma ƙaramar mota ma da addu'a take bi, babba kuwa an hana.”

Na ji maganar, ban ɗauke ta da nauyi ba.

Garin ɗan ƙarami ne, a cikin kwari, rabin gidajen a rufe. Mai injin wani ƙato ne da hular fata, ba ya cire sigari daga baki ko da yana magana. Sunansa ya ƙi zama a bakina, Mai Hula nake ce masa. Filinsa yana bayan tasha, cike da tsofaffin ƙarafa da tayoyi, injin yana tsakiya.

Ni ba yau na fara sayen tsohon ƙarfe ba. Na duba haƙoransa, na duba bel, na shiga ƙarƙashi na shafa duk inda mai zai iya yoyo, na sa aka tayar da shi da sassafe yana sanyi don in ji muryarsa ta gaskiya. Har dutse na zo da shi daga gida, gutsure uku na dutsen Dawaki a naɗe cikin kayana, wanda ma'aikacin filin jirgi ya yi ta juyawa yana tambayata ko magani ne. Dutsenmu tauri gare shi, na ga injunan da ya cinye wa haƙora. Na jefa biyu a bakin injin, ya tauna su kamar gyaɗa. Mai Hula ya tafa.

Na ce, “Sabi'u, tambaye shi, ta ina za a fitar da shi?”

Mai Hula bai ma jira an gama fassara ba. Ya shiga ofis ya ciro hoto daga bango, da firam ɗinsa. Injin ne, wannan ɗin dai, har lambar jikinsa ana gani, zaune a kan tarago yana fitowa daga bakin ramin, ma'aikata suna ɗaga hannu.

Sabi'u ya ce, “Ka gani, Yaya? Ta nan ya shigo.”

Kayan da ya shigo ta wata hanya ai ta nan zai koma, haka na lissafa, kuma duk ɗan kasuwar da na sani haka zai lissafa. Na biya. Sharaɗinsa guda ne: in kwashe kayana kafin dusar ƙanƙara ta rufe filin, kowane mako akwai kuɗin ajiya, in na wuce wa'adi injin ya koma nasa. Na ce a gaya masa ni ko makon ba zan cika ba.

Muka je tasha neman tarago. Aka tura mu wurin wata mace, gajeruwa, ta manyanta, da takalmin aiki da riga mai launin lemo irin ta masu gyaran titi. Ita ce injiniyar da ke kula da ramin, kuma Injiniya kawai nake ce mata har na baro ƙasar. Da ta ji wane inji ne, sai ta ajiye biro, ta dubi Sabi'u, ta faɗi wata magana da yarensu. Na ga fuskarsa ta canza.

“Me ta ce?”

“Cewa ta yi tarago sai an ɗan jira.”

Ashe tana jin Turanci, wanda ya fi nawa na kasuwa. Ta juyo ta ce mini, “Ban san me ya gaya maka ba. Ni tambayarsa na yi, ya sake kawo wani?”

Ta ja ni zuwa ƙarshen tasha. Akwai wani ƙarfe da aka lanƙwasa kamar ƙofar soro, layin dogo ya bi ta ƙarƙashinsa. Ta ce wannan shi ne awon cikin ramin. Duk kayan da zai shiga sai ya fara wucewa ta nan, in ya taɓa, ba ya shiga. Kafaɗun injina, wato bakin da ake zuba dutse da ƙarafan da suka riƙe shi, sun zarce da kamar taƙi ɗaya kowane gefe. Kuma ba da noti aka ɗaure su ba balle a kwance, a narke suke da jikinsa.

Na ce, “Amma ai na ga hoto.”

“Hoton gaskiya ne, ina tsaye aka ɗauka. Lokacin ramin ya fi haka faɗi. An kawo injin ne don ya fasa tsakuwar kankare, da kankaren kuma muka lulluɓe bangon ramin ta ciki. Tsakuwar da ya fasa ita ta rufe shi a nan.”

Gaskiya a lokacin ko gezau ban yi ba. A Lausu na taɓa kai tankin ruwa gidan wani Alhaji, ƙofa ta yi kaɗan, muka rushe gefen katanga da hantsi, kafin la'asar magini ya mayar. Na taɓa yin lodin masara har ya fi wayar lantarki tsawo, muka ɗora mutum a sama da sanda yana ɗaga wayar muna wucewa. A wurinmu taƙi ɗaya ba matsala ba ce, magana ce. Ana nemo wanda abin yake hannunsa, a gaisa, a fahimci juna.

Don haka na fara. Na ce a ɗan karkata injin. Ta ce ɗaya kafaɗar za ta ƙara fitowa. Na ce a tafi a hankali, in ya ɗan kankare bango ni zan biya siminti da magini. Ta dube ni kamar na ce a yanka jaki a ci. Sai na matsa kusa, na rage murya, na sa hannu a aljihu, na ce na san aikinsu da wahala, ga ɗan abin shan ruwa.

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce, “Mayar da hannunka.” Sannan ta ce, “Gobe da safe babu jirgi, muna duba layi. Ka zo da kuɗin naka, in kai ka wurin wanda ya hana. Ka ba shi da kanka.”

Na je. Aka ba ni hular kwano da fitila, muka shiga da ƙafa, ita a gaba, ma'aikatanta a baya suna ƙwanƙwasa ƙarafan layi. Sanyin ciki daban ne, mai laima, ruwa na gudu a wata 'yar kwata gefen layi. Hasken ƙofa ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar kwabo, sannan ya ɓace. Tana tafe tana bayani, ba don ta burge ni ba, kamar mai ba da labarin gidansu. Ashe ma gidan nasu ne, kakan mahaifinta yana cikin waɗanda suka haƙa.

Ta ce daga ɓangare biyu aka fara, wasu ta nan, wasu ta can bayan dutsen, ba sa ganin juna. Masu awo suka hau ƙololuwa suka kafa alamu, daga alama zuwa alama suka ja layi, da shi kowane ɓangare yake saita gabansa a cikin duhu. Da farko mutum ɗaya ne yake riƙe dogon ƙarfe yana juyawa, wani yana dukansa da guduma, har a huda, a ɗura albarushi, a kunna, a gudu, a dawo cikin hayaƙin a kwashe. Daga baya aka kawo injin huda mai aiki da matsattsiyar iska, da nakiya, aiki ya ƙara sauri, ƙura ta ƙaru. In an buɗe wuri sai a kafa katako a lanƙwashe, a jera sassaƙaƙƙun duwatsu a kai har su haɗu a sama su riƙe juna, sannan a zare katakon.

Ta ce in lura da ƙafata. Ashe hawa muke kaɗan-kaɗan. Da gangan aka yi tsakiyar ramin ta fi bakunansa tudu, domin duk ruwan da dutsen ya tsattsafo ya gangara ya fita da kansa, rabi ta nan, rabi ta can. Ta nuna mini 'yan lungunan da aka bari a bango, inda ma'aikaci zai raɓe in jirgi ya taho. Ta haska wani rami da ya miƙe sama kamar rijiyar da aka kifa, ta nan iska take shigowa. A tsakiya akwai ɗan ƙarfe a bango, inda masu haƙar suka fasa suka ga fitilun juna. Ni da nake sayar da dutse, na tsaya ina kallo. Rijiya muke haƙawa a gida ta karkace, su sun haɗu a cikin cikin dutse.

Abin da ya kawo gyaran, in ji ta, ruwa ne. Yana taruwa a bayan tsofaffin duwatsun, in sanyi ya zo ya daskare ya kumbura ya turo su, har wata rana ɗaya ya faɗo a kan layi. Ko dai a faɗaɗa ramin, a rufe garin tsawon shekaru, ko a yi masa rigar kankare ta ciki. Suka zaɓi riga. Jirgin fasinja yana wucewa, manyan kaya sun daina.

Muka iso wata kwana, ta tsaya. Ta ce a nan ne ya fi matsewa, domin dogon tarago in ya zo kwana cikinsa yana matsowa bango ɗaya, bakinsa da gindinsa suna matsawa ɗayan. Akwai wata 'yar taga da suka bari a kankaren don a riƙa duba tsohon ginin. Na zura hannu har na taɓo tsohon dutsen, na buɗe yatsuna na auna kaurin rigar. Taƙi ɗaya, ga shi a hannuna.

Ta ce, “To ga shi nan. Yi masa magana.”

Tunda na fara kasuwa ban taɓa zuwa wurin da babu wanda zan gaisa da shi ba sai ranar.

Da muka fito ta nuna mini allon tagulla a bakin ramin, da sunayen manyan da suka sa hannu a aikin. Na tambaye ta masu gudumar fa? Ta ce yawancinsu baƙi ne daga ƙasashen da suka fi nasu talauci. Wasu dutse ya danne, wasu ruwa ya ci, mafi yawa ƙura ce ta cika musu ƙirji suka yi ta tari har suka tafi. Ta nuna bayan tasha da haɓa. Maƙabartarsu tana nan, babu suna ko ɗaya, kuma a kanta Mai Hula yake jibge tsofaffin tayoyinsa. Jiya na taka wurin ina duba inji ban sani ba. Tun daga ranar ko ruwa ban ƙara sha a filin nan ba.

Na samu Sabi'u a masauki yana cin burodin da na saya.

“Sabi'u, mutum nawa ka kawo kafin ni?”

“Yaya, wallahi ban taɓa kawo kowa daga gida ba.”

“Ban tambaye ka daga ina ba.”

Ya sunkuyar da kai. “Ɗaya ne. Kuma ba Bahaushe ba ne.”

“To madalla, tunda ba Bahaushe ba ne ya halatta. Ni fa, wane yare ne?”

“Ni na ɗauka za ka san dabara. Kai fa babu abin da yake gagararka a Rano, kowa ya sani.”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Da yamma ya ce zai je birni ya nemo lauya, ya hau jirgi, wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Mai Hula kuwa, da waya mai fassara muka yi magana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, a cikin abin da ya faɗa mini wanne ne ƙarya? Babu. Sannan ya ce don tausayi zai iya sayen injin a hannuna a farashin ƙarfen kilo. A nan na gane sana'ar tasa. Ba inji yake sayarwa ba. Injin saniyar tatsa ce: ya sayar, ya ci kuɗin ajiya, mai saye ya gaji ya bar masa, ya wanke shi ya jira wani. Kuma duk garin sun sani. Mai shagon da nake sayen shayi ya sani, mai sayar da tikiti ya sani, suna gaishe ni da murmushi.

Na zauna ni kaɗai a garin da ba na jin ko kalma ɗaya. Juma'a ta zo ta wuce babu kiran salla, sai ƙarar ƙarafa daga tasha. Burodi da dankali da cuku har na tsani ganinsu, ina kwance ina tuna tuwon dawa da miyar kuka, da hayaniyar kasuwar Rano da a da take sa mini ciwon kai. In maiɗakina ta kira sai in ce ana kan takardu. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce kaɗai ta sa ban tsine wa garin gaba ɗaya ba. Ta lura ba na taɓa nama, ba ta tambaye ni dalili ba, ta koma dafa mini wake da ƙwai. Wata rana ta gan ni ina salla a kan tawul a siminti mai sanyi, washegari na tarar da buzun tunkiya a ninke a bakin ƙofata, irin wanda mahaifina yake salla a kai. Na daɗe a zaune a kansa.

A kan buzun nan tunanin ya zo mini. Tifa nawa na gani an yanke bodinta an ƙara mata tsawo? Ni kaina na sa an yi. Na koma wurin Injiniya na tambaye ta, waɗanda suka saya kafin ni me ya hana su yanke kafaɗun? Ta ce a ƙasashensu in ka yanke jikin inji takardar ingancinsa ta mutu, babu inshora, hukuma ba za ta bari a kunna shi ba. Yankakke a wurinsu bola ne.

Na kira Malam Garba mai walda, wanda shekara da shekaru shi yake ɗinke mini bodin tifa a Rano. Na kira shi ta bidiyo ina tsaye gaban injin.

“Alhaji, juya wayar mana. Fuskarka na santa, sai dai ta rame.”

Na zagaya da shi. Na gaya masa maganar takarda.

Ya ce, “Takardar ce za ta fasa dutsen Dawaki?”

“Za ka iya mayar da shi?”

“Ya danganta da mai yankan. Kada su yanka a miƙe, su yi shi a karkace don in samu wurin kamawa. Kada wuta ta je kusa da inda ƙarfen juyawa yake zaune. Ka shafa fenti a kowane gefe ka sa lamba. Kuma ko guntun da bai fi farce ba ka tsinto mini, kada ka dawo kana ce mini Bature ya share.”

Mai Hula ya ce babu mai kunna wuta a filinsa, doka ta hana. Na gaya wa Injiniya. Ta ce, “In yana kan taragona, a filina yake.” Injin nawa ne, ba shi da ikon hana ni ɗauka. Sai dai motar ɗaga kaya guda ce a garin, ta surukinsa ce, kuma da ya ga halin da nake ciki ya ninka farashi har ya gaji. Na biya ina kallon idonsa, aka ɗora injin a kan tarago. Masu waldar jirgi su biyu suka karɓi aikin, Injiniya ta ce ta ofis zan biya, da rasit, ba ta bayan hannu ba.

Ranar yanka na tsaya riƙe da waya, tartsatsi na tashi daga abin da na sayar da tifa biyu da fili na saya. Malam Garba yana ta ihu daga Rano, “Ka ce masa ya kwantar da wutar! Kai jan kunne, kwantar da hannunka!” ga mutumin da ko sannu bai sani ba. Abin mamaki, da na nuna masa fuskar Malam Garba yana gwadawa da hannu, sai ya gyaɗa kai ya kwantar. Kafaɗa ta farko ta rabu, aka sauke ta da sarƙa. Na waiga. Mai Hula yana tsaye a jikin wayar shingen filinsa, kuma a karo na farko tunda na san shi ya cire sigarin daga baki.

Aka tura taragon ta ƙarƙashin lanƙwasasshen ƙarfen nan, ya wuce, da 'yar tazarar da yatsu uku za su shiga. Duk da haka Injiniya ta sa aka ɗaura 'yan sanduna a gefensa, da alli a bakinsu, ta ce in sun taɓa bango za ta gani. Na hau tare da direban jirgin. Da muka zo kwanar nan ya rage gudu har mai tafiya da ƙafa zai wuce mu. Na leƙa baya da fitila, ina ganin bangon da injin ya gina yana shafa iskar jikinsa. Can sai ga kwabon hasken nan a gaba.

A ɗaya bakin Injiniya, wadda ta biyo mu a jirgin, ta zagaya ta duba allin, babu wanda ya goge. Na rasa abin da zan ba ta wanda ba zai sa fuskarta ta sake yin ja ba. Sai na tuna gutsuren dutsen Dawaki na uku yana cikin jakata. Na miƙa mata. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da makulli, ta ce, “Da a cikin irin wannan aka haƙa ramin, da bai nemi riga ba.” Ta sa a aljihu.

Sauran tafiyar ba ta da daɗin ba da labari. Kayan da na yi lissafin guda ya zama kashi biyu, kowanne da kuɗin jirgin ruwansa. A Legas ya kwanta, wakilin da na ba aikin fitarwa yana ce mini gobe har damina ta shiga. Kuɗin da na ware don janareta, da wanda na ɓoye don in sake sayen tifa ko da tsohuwa ce, duk suka bi ta nan. Malam Garba ya ɗinke kafaɗun, yana aiki yana mitar cewa akwai guntun da ban tsinto ba.

Ranar da na je gaida mahaifiyata na tarar da mahaifiyar Sabi'u a gidan. Ta ce, “Isyaku, ya ka baro ƙanin naka?” Na ce, “Lafiya lau, Inna, yana ta sana'a.” Ta yi ta sa mini albarka. Na tashi na fita kafin ta gama.

Yanzu ga lissafi. Injin yana bayan Dawaki yana cin dutse. Ɗinkin kafaɗar hagu yakan buɗe lokaci-lokaci, sai a tsaya a kira Malam Garba, kuma babu wanda zai taɓa sayensa a hannuna da darajar da na saye shi. Na sa an ja tiyo a bakinsa ana zuba ruwa don ƙura, ma'aikata suna ƙorafin caɓi, na ce wanda ba ya so ya nemi wani wurin, ni na ga inda masu shaƙarta suke kwance. Daga tsakuwarsa na mayar da tifa ɗaya. Ta biyun ba ta dawo ba. Filina na titin Kibiya kuwa wani ya gina shaguna a kai, ina wucewa ta gabansu duk ranar kasuwa, har mai na taɓa saya a ɗaya daga ciki.

Duk yadda na juya shi, asara ce: tifa ɗaya da fili, a kan taƙi ɗaya. Abin da kawai nake sawa a ɓangaren riba shi ne, hoton nan yana rataye a ofishin Mai Hula har yau, amma ba shi da injin da zai nuna wa na gaba.